Birnin da Iska Ba Ta Isar Baƙo

Ina aiki a ofishin kiwo na Dogon Dutsi aka ba ni burs, wato tallafin karatu, na tafi ƙasar Sin ƙaro ilimi a kan cututtukan dabbobi. Makarantar tana wani birni na yammacin ƙasar, mai dogayen gidaje da hayaƙi, kogi ya ratsa tsakiyarsa. Shekarar farko ta ƙare a koyon harshe da koyon cin abinci da tsinke. A ta biyu muka shiga karatu sosai, kuma a nan na fara ganin hoton dabbar da suke kira yak. Saniya ce, amma gashi ya rufe ta har ƙasa kamar an yafa mata bargo. Malaminmu ya ce a tuddan Tibet take zaune, inda sauran shanu ba sa iya numfashi. Ni kuwa ta wajen uba jikan makiyaya ne, na tashi ina kwana kusa da garke a wajen Sukukutane duk lokacin da aka yi hutun lekol, makarantar boko. Tun ranar na sa a raina sai na ga wannan saniya da idona.

Da babban hutu ya zo, ɗalibai suka watse. Masu gida kusa suka tafi gida, mu na nesa muka rage ƴan kaɗan a cikin ginin kwana. A gida damina ta sauka, na san ana can ana noman fari. Ni da wani abokin karatuna ɗan Chadi muka shirya zuwa Lhasa, babban birnin Tibet.

Baƙo ba ya sayen tikiti kawai ya kama hanyar can. Sai ya bi ta wani kamfanin yawon buɗe ido, su nema masa takardar izini ta musamman, su sa shi cikin ayari, su ba ayarin ɗan rakiya. Ana aika musu hoton faspo da na biza, mu ɗalibai har da shaidar makaranta, sannan a zauna jira. Wanda zai je ya fara neman izinin nan da wuri, don ba a barinsa shiga jirgi sai da shi. Namu ya fito, amma ana gab da tafiya aka kira abokina aka ce mahaifinsa ba lafiya. Na raka shi filin jirgin sama na dawo. Na zauna a bakin gado ina kallon jakata da na riga na ɗaure. Daga ƙarshe na ga zaman ɗakin ya fi tafiyar ban tsoro.

An ba ni shawara in bi jirgin ƙasa, wai jiki ya fi samun sabawa da tudu a hankali fiye da wanda jirgin sama ya ɗauka ya dire shi a sama lokaci ɗaya. Na bi. Da gari ya waye muna tsakiyar wani fili marar iyaka, babu itace ko ɗaya, ya tuna mini da arewacin Tawa, sai dai wannan kore ne shar, kuma can nesa duwatsu ne da farin ƙanƙara a kansu. Ledar biskit ɗina ta kumbura kamar za ta fashe. Birona ya zubar da tawada a aljihu. Ana sakin iskar oksijin cikin taragon, duk da haka mutanen da jiya suke ta hira da cin ƴaƴan kankana yau sun kwanta shiru, kowa ya ɗora hannu a goshi. Ni ban ji komai ba. Na tsaya bakin taga ina kallon baƙaƙen ɗigo-ɗigo a kan ciyawa, har jirgin ya zo kusa da wasu na ga yak ne, suna kiwo, ko kai ba su ɗaga ba. Na ce a raina ai ni ɗan Dogon Dutsi ne, muna yara a guje muke hawan dutsen garinmu mu sauko a guje.

A tashar Lhasa ƴan sanda suka ware ni, suka kai ni wani ɗan ofishi suka duba faspo da izini. A waje na tarar da mai rakiyarmu, wata mace ƴar Tibet, gajera, rana ta ƙona mata kumatu. Ta rataya mini farin ƙyalle a wuya, haka suke tarbar baƙo. Na kai hannu zan saɓa jakata, ta riƙe.

"Likita, ajiye," ta ce da harshen Sin, tana magana a hankali don in gane. A takarduna ta ga karatun likitan dabbobi nake yi. "Yau ba ɗaukar kaya, ba sauri, ba wanka. Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishirwa. Ka ci abinci kaɗan. In kanka ya fara ciwo ka gaya mini, kada ka ɓoye."

Na ce mata lafiyata lau.

"Kowa haka yake cewa a tasha," ta ce.

Ayarin namu ƙarami ne: wasu samari daga Kudancin Amurka masu magana da junansu kawai, da wani tsohon Bature da matarsa ƴan ƙasar Suwis. Matar tana jin Faransanci. Ita kaɗai ce a duk tafiyar zan iya yi wa magana ba tare da na tsaya neman kalma ba.

Na bi duk abin da mai rakiya ta faɗa. Abu ɗaya ne ba ta faɗa ba, don ba ta san shi ba. Da la'asar ta yi na yi alwala da ruwan famfo mai sanyin da ya sa haƙorana suka yi tsami, na shimfiɗa dardumata, na tayar da salla yadda na saba tun ina yaro. Ina ɗagowa daga sujada zuwa tsayuwa sai ɗakin ya yi baƙi. Da na dawo hayyacina na gan ni zaune a ƙasa, bayana jingine da gado, zuciyata tana bugawa har cikin kunne. Musulmin da zai je can ya riƙe wannan: ya taso daga sujada a hankali, ya dafa ƙasa, in ya ji jiri ya ƙarasa a zaune. Ya nemi ruwan ɗumi don alwala. Kuma kada ya ɗauki azumin nafila a kwanakin farko.

Daga nan ciwon kai ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, kamar an ɗaura mini igiya a kai ana murɗawa. Washegari na kasa riƙe ko shayi a ciki. Da mai rakiya ta ga faratana sun yi duhu, ba ta tambaye ni ra'ayina ba, ta tsayar da tasi ta kai ni wani ƙaramin asibiti. Suka maƙala mini wani abu a yatsa, likitar ta duba ta girgiza kai, suka sa mini robar oksijin a hanci da ƙarin ruwa a hannu. Na san abin da ke faruwa a jikina, na karanta shi a kan shanu. Iskar wurin ba ta da kauri, jini ba ya samun abin da yake bukata. Sanin bai rage mini komai ba.

Likitar ta ce in huta, kuma kada in ƙara hawa sama da inda nake. Ayarin kuwa shirinsa shi ne ya bar birnin ya yi kwanaki a hanya, ya bi ta wasu tuddai da suka fi Lhasa tsawo, ya ga wani babban tafki da rugagen makiyaya. Wannan ɓangaren ne ya kawo ni. Mai rakiya ta yi ta waya da ofishinsu, sannan ta zo ta zauna a kujerar kusa da gadona.

"Za ka zauna a otal har mu dawo," ta ce. "Kana iya yawo a titunan tsohon gari. Manyan wuraren ibada ba a shiga sai da ni. Kada ka fita daga birni. Faspo ɗinka ya kasance a jikinka koyaushe, za a tambaye ka."

"In na ji sauƙi gobe fa?"

"Ko ka ji sauƙi. Can sama babu asibiti kusa."

Da safen da za su tafi, tsohuwar ƴar Suwis ta ƙwanƙwasa ƙofata. Ta ba ni man shafa leɓe da wata malfa mai faɗi ta mijinta.

"Mushe, ranar nan ba irin taku ba ce," ta ce da Faransanci. "Ba ta da zafi, amma tana cin fata."

Na yi dariya, na ce mata ni daga Nijar na fito. Ta ce ta sani, in dai riƙe. Na tsaya a taga na ga motarsu ta juya kwana. Gaskiyarta ce. Kafin su dawo hancina ya saɓule, leɓena ya tsage har yana jini. Mai zuwa can ya tafi da malfa da baƙin tabarau da man shafawa, komai baƙin fatarsa. Ya kuma tafi da rigar sanyi ko da bazara ce, don mutum yana fita daga rana ya shiga inuwa sai ya ji kamar ya shiga wani wata.

Ranar da suka tafi na kira gida. Tazarar lokaci ta sa yammacina safiyarsu ce. Ƙanwata ta ɗauka a Matankari, kusa da Dogon Dutsi, inda suke zaune yanzu, ta kai wa Inna wayar. Ina jin zakara da ƙarar turmi a bayanta.

"Muryakka ta sake," in ji Inna. "Mi ya same ka?"

Na ce mata ba komai, na zo wani gari ne a kan dutse, iskar wurin ba ta isar mutum.

Inna ta tashi a gidan da ake girmama iskoki, kakarta ƴar bori ce, kuma duk da sallarta da azuminta ba ta taɓa wuce wata tsohuwar tsamiya ba tare da ta rage murya ba. Na gane ta ɗauki maganata ta wata fuska.

"Dutsin nan yana da masu shi," ta ce. "Da ka shiga ka yi musu sallama?"

"Inna, ba irin wannan iskar ba. Wadda ake shaƙa."

"Na ji. Amma ka yi sallama?"

Na ce ban yi ba.

"To ka yi. Ka ce kai baƙo na, wucewa kake, ba ka zo ɗaukam musu komi ba."

Layin ya yanke kafin in amsa, na sake gwadawa bai shiga ba. Ban yarda da abin da ta faɗa ba. Duk da haka, da na buɗe taga na ga duwatsun da suka kewaye birnin, tsirara, ruwan ƙasa, sai na ji bakina ya yi sallama a hankali.

Da na samu ƙarfin fita, na koyi tafiya irin ta tsofaffi. In na hau matakala kaɗan sai in tsaya in huta. A tsakiyar tsohon garin akwai wani babban ɗakin ibadarsu, titi ya kewaye shi, kuma tun safe mutane suke zagaya shi. Tsofaffin mata da kitso har gadon baya, maza da manyan riguna an saki hannu ɗaya yana lilo, kowa da carbi ko wani ɗan gwangwani mai mariƙi yana juyawa. Wasu kan miƙe a ƙasa ruf da ciki, su tashi, su yi taku kaɗan, su sake miƙewa. Hayaƙin turaren itace ya cika wurin. A ƙofar shiga titin ƴan sanda suka duba faspo ɗina, suka wuce da jakata ta cikin na'ura.

Na shiga na kama hanya, ɗakin ibadar yana hagu da ni. Ban yi tunani ba, ƙafata ce ta zaɓa, wataƙila don haka na ga ana ɗawafi a talabijin tun ina yaro. Sai na ga duk fuskokin duniya suna fuskantata, kowa yana kauce mini. Wata tsohuwa ta kama hannun rigata, ta juya ni kamar yadda ake juya ɗan maraƙi, ta tura ni gaba. Su dama suke ba wa wurin ibadarsu. Baƙo ya bi yadda suke bi, kada ya taka bakin ƙofa in zai shiga, ya cire hula, kada ya nuna gunki da yatsa ɗaya, kada kuma ya ɗauki hoton mai ibada ko soja ba tare da izini ba.

Ni kam an ɗauki hotona ba adadi. Ban ga baƙar fata ko ɗaya ba duk zamana. Masu yawon buɗe ido daga sauran biranen Sin sukan zo su tsaya kusa da ni, su yi murmushi ga wayarsu, su ce na gode, su wuce. Wani ya shafa bayan hannuna ya duba yatsansa. Ba mugunta a ciki, na sani. Amma mutum yakan wuni ana kallonsa, ya koma ɗaki da yamma ya tuna ba wanda ya tambaye shi ko ya ci abinci.

Ranar Juma'a na nemi masallaci. Akwai shi a gefen tsohon garin, cikin unguwar mahauta da masu sayar da taliya, maza da fararen huluna. Wanda ba ya cin abin da ba halal ba, nan ne wurinsa, akwai gidajen abinci da rubutun Larabci a ƙofa. Da liman ya fara Fatiha na ji idona ya cika, don tun da na sauka ban ji wata magana da na gane daga farkonta har ƙarshe ba sai ita. Bayan sallama mutane suka miƙo mini hannu. Wani dattijo ya tambaye ni daga ina, na ce Nijar, ya ce Najeriya, na ce a'a, maƙwabciyarta. Ya gyaɗa kai. Sannan kowa ya sa takalminsa ya tafi harkarsa, na rage a harabar ina ɗaura igiyar nawa a hankali.

A hanyar komawa na gaji, na shiga wani gidan shayi don in zauna. Ɗaki ne mai duhu, dogayen bencina, mutane a cushe, mata suna zagayawa da butoci suna zuba shayin madara mai zaƙi a ƙananan kofuna. Na samu gefen wani benci. Wanda ke kusa da ni tsoho ne, fuskarsa ta yi baƙi ta tsattsage kamar tsohuwar salka, ya naɗe gashinsa da jan zare. Tun kafin in dube shi sosai na ji warinsa: hayaƙin kashin shanu da man shanu da ya daɗe a tufa. Warin kakana ke nan. Na dubi hannuwansa da ke riƙe da kofi, na ga yatsun mai tatsa.

Na gaishe shi da harshen Sin, ya amsa da nasu. Ba mu da kalma ɗaya ta tarayya. Na ciro wayata na nemo hoton da na ɗauka a bakin wata rijiya a Sukukutane, jajayen shanun Bororo da dogayen ƙahoninsu, na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo. Ya ajiye wayar a kan tebur, ya buɗe hannuwansa sama da kansa yana gwada tsawon ƙahon, ya dube ni. Na gyaɗa kai. Ya yi dariya, ba haƙori a gaban bakinsa. Ya shafa hannunsa, ya nuna saniyar, yana tambayar ina gashinta. Na nuna sama, na yi alamar rana, na share goshi. Ya gane.

Shi ma ya ciro tasa wayar daga ƙirjin rigarsa, tsohuwa, gilashinta ya tsage. Ya nuna mini yak ɗinsa a gaban wani baƙin tanti, da wata mace tana tatsa, ta jingina goshinta da cikin dabbar kamar yadda matanmu ke yi. Ya ɗora yatsa a kan matar, ya nuna wata kusurwa ta gari da haɓarsa, ya kwantar da kumatunsa a tafin hannu, sannan ya yi alamar allura a damtse. Matarsa tana asibiti. A gefensa akwai wani tsohon fulas, ya ba mai shayi ta cika, ya tashi ya tafi.

Washegari na koma a daidai wannan lokaci, na tarar da shi a bencin. Ya matsa mini. Daga nan kullum sai mun haɗu. Mukan zauna kafaɗa da kafaɗa muna shan shayi, mafi yawan lokaci shiru. Wata rana ya sa aka kawo mini irin nasu shayin na gaske, mai man shanu da gishiri. Kurɓar farko ta ba ni wuya, don bakina yana jiran zaƙi. Da na ɗauke shi a matsayin romo sai ya shiga. Yana da amfani a can, yana riƙe ciki, yana kuma hana leɓe bushewa. In an zuba wa baƙo, ya sha kaɗan ya ajiye, za su ƙara. In ya ƙoshi ya bar kofin a cike.

Tsohon ya ciro wata ƴar jakar fata, ya zuba garin sha'ir soyayye a ƙoƙonsa na itace, ya ɗiga shayin, ya murza da yatsu har ya zama curi, ya gutsura ya ba ni. Dawo ne, ba abin da ya raba shi da dawon fura sai ɗanɗanon hatsin. Na ci, na yi masa alamar dama shi a nono da ludayi. Ya ɗaga gira kamar mai cewa haka ma za a iya.

Wata safiya ya nuna hoton dabbobinsa, ya taɓa bakinsa, ya taɓa ƙafarsa, ya yi alamar dalala na zuba, ya kwantar da hannunsa a tebur sau da yawa, ɗaya bayan ɗaya. Ciwon baki da kofato ne. Na tsoma yatsa a shayin da ya zube, na zana kofato a kan katakon, na sa ɗigo a tsakanin yatsun. Ya ce wani abu da ƙarfi yana gyaɗa kai. Na nuna ƙirjina, na nuna hoton shanunmu, don ya san mu ma yana zo mana. Ya dafa gwiwata. Mun daɗe a haka, mai shayi ta zo ta goge zanen da tsumma.

Na lura yana kallon yadda nake numfashi. Wani lokaci yakan sa tafin hannunsa a ƙirjina, ya ja numfashi a hankali ta hanci, ya sake, ya jira in yi irin nasa. A kwanakin nan ciwon kai ya tafi, abinci ya fara yi mini daɗi.

Ranar ƙarshe da na gan shi bai zauna ba. Ya shigo da sauri, ya ba da fulas aka cika, ya tsaya a kaina. Idanunsa sun yi ja. Ya ciro wani zare da aka jera busasshen cuku a jiki, ƙanana masu tauri kamar tsakuwa, ya sa mini a hannu ya rufe yatsuna a kai. Na tashi zan bi shi, ya danna kafaɗata na koma zaune. Ya fita.

Washegari bai zo ba, haka ma kashegarinsa. Na yi ƙoƙarin tambayar mai shayi, na yi mata alamar jan zare a kai da fulas, ta nuna mini wasu mutum uku a ɗakin masu jan zare a kai. Na bi kusurwar da ya taɓa nuna mini har na samu wani babban asibiti. Na tsaya a ƙofa ina kallon masu shiga da fita, da yawa da fulas a hannu. Ban san sunansa ba, ban san na matarsa ba, ban san daga wace ƙasa ya sauko ba. Mai gadi ya fara dubana, na juya. Har yau ban sani ba ko ta warke ne ya mai da ita gida, ko gawarta ya ɗauka.

Ayarin ya dawo da ƙura a takalma da hotuna cike da wayoyi. Tsohuwar ƴar Suwis ta zauna ta nuna mini tafkin, da tantunan makiyaya, da mijinta a kan wani yak da aka yi wa ado. Ta tambaye ni me na yi a bayansu. Na ce na sha shayi. Ina da Faransancin da zan ba ta labarin, amma na ji ba na so.

Kafin mu bar garin mai rakiya ta kai mu wata babbar tsohuwar fada fara da ja da ke kan dutse a tsakiyar birnin. Ana shiga ne a lokacin da aka rubuta wa mutum a tikiti, ba a shiga da ruwa daga waje, kuma matakalan suna da yawa. Gara baƙo ya bar ta sai ƙarshen zamansa, bayan jiki ya saba. Na hau a hankali, ina tsayawa a kowace kwana. Samarin suka wuce ni, daga baya na tarar da su zaune suna haki. A ciki duhu ne, da fitilun man shanu, da zinariya, da ƙananan ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Daga sama na ga birnin gaba ɗaya, har da rufin asibitin. Mai rakiya ta zo ta tsaya kusa da ni.

"Ka ji haushi ba ka ga makiyaya ba?" ta tambaya.

Na ce na ga ɗaya.

A tasha kowa ya kama gabansa. Su jirgin sama za su bi, ni na koma jirgin ƙasa. Na mai da wa tsohon Baturen malfarsa, mai rakiya ta miƙa mini hannu ta ce in gai da gida, ta juya wajen wani sabon ayari da ke fitowa. Jirgin ya yi ta gangarawa. Wani wuri kunnuwana suka buɗe, na ja numfashi na ji ya cika ƙirjina har ƙasa, barci ya ɗauke ni a zaune da rana tsaka.

Na iso makaranta hutu bai ƙare ba. Mai gadin ginin kwana ya ɗago kai daga talabijin ɗinsa ya ba ni makulli. A doguwar barandar hawanmu duk ƙofofi a rufe suke, a ɗakinmu kuwa gadon abokina ɗan Chadi yana nan yadda ya bar shi, katifa a naɗe. Na buɗe taga don warin rufi ya fita, na wanke tukunya, na ɗora shinkafa. Da ta nuna na ci a tsaye, ina kallon filin ƙwallo da ciyawa ta fara cinyewa.